Barmani Bushiya da Injin Yajin Jego

Ga ta nan tafe, ta tsaya a bakin ƙofarku!

Ta shigo mana, mu ji da me ta zo!

To ku matso. Ke Uwale, janye ƙafarki daga kan zanena. Wanda ya yi gyangyaɗi kuma ya sani, ba na maimaita wa kowa.

Wata bushiya ce, sunanta Barmani. Gidanta yana gindin wata kuka a bakin rafi. Gida ne ɗan mitsitsi, amma gidan ma da sauƙi, kicin ɗinta ne abin magana. Kicin ɗin Barmani, in ta shiga sai muciya ta fito waje ta ba ta wuri. In tana so ta juya, sai ta fito tsakar gida ta juya, sannan ta koma. Ran da ta manta ta juya a ciki, ƙayoyin bayanta suka kwaso ludayi da mara da rariya. Ta yini tana neman su tana zagin ɓarayi, ashe suna goye a bayanta.

Barmani tana da 'ya ɗaya tal, Ladingo. Ita ce 'yar fari, ita ce auta. Kun san yadda ake yi da 'yar fari. Barmani ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "yarinyar nan." Ba ta yabon ta a gaban mutane, ba ta zama su yi hira ido cikin ido. Amma son da take yi mata, ku bar shi kawai, Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Ladingo ta yi aure a ƙetaren rafi, gidan gafiyoyi. Kada wanda ya tambaye ni yadda aka yi 'yar bushiya ta auri ɗan gafiya. So ne ya haɗa su, ni ban je ɗaurin auren ba.

Ana nan, ana nan, Ladingo ta haihu, ɗa namiji, tubarkalla. Barmani ta yafa mayafi ta haye rafi, za ta ɗauko 'yarta ta zo gida wankan jego, yadda ake yi a haihuwar fari. Uwar mijin, Hajiya Gafiya, ta tare ta a tsakar gida.

Barmani ta ce, "Hajiya, na zo ne in tafi da yarinyar nan ta yi wanka a gida."

Gafiya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "A wane gidan? Naki? Ina za ta kwanta, a cikin tukunya? Jaririn kuma a rataye shi a ragaya? A'a Barmani, bar ta a nan, muna da ɗakuna. Ke dai ki kawo yajin jego, in akwai wurin daka shi."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Barmani ma ta ɗan yi, don kada a ce ta ji haushi. Ta ji haushi kuwa. Ta haye rafi tana share ido da gefen mayafi. An hana ta yi wa 'yarta wanka, abu ɗaya ya rage mata, yaji. In yajin nan bai je ba ranar suna, ko ya je aka raina shi, Ladingo za ta zauna cikin dangin miji kamar marar uwa, a yi ta yi mata gori har yaron ya yi gemu.

To a garin nan akwai wata al'ada. Ba a ganin yajin jego kafin suna, jin sa ake yi. In uwar mai jego ta kafa turmi, dangin miji sai su fito ƙofar gida su kasa kunne. In suka ji daka na tashi, tim-tim, tim-tim, har ƙasa na amsawa, sai su ce, "Madalla, 'yar gidan mutunci muka auro." In suka ji shiru, sai a taɓe baki a koma ciki.

Barmani ta haɗa barkono da citta da kimba da masoro da kanumfari, ta shanya, suka bushe ƙayau. Ta zagaya bayan ɗaki ɗauko turmi. Tana ɗaga shi ya ruguje a hannunta, ya zama ɓurɓushi. Sai ga Gara ta leƙo daga ƙasa tana lashe baki.

"Gara, me na yi miki?"

"Yi haƙuri Inna Barmani. Mun ga ya daɗe a kife, mun ɗauka kin gama da shi. Amma gaskiya icen mai daɗi ne."

"Taɓaryar fa?"

"Da ita muka karya kumallo."

Ta je aro gidan Gada, turmin Gada ya fi ta tsawo, ko ta taka kujera ba ta ganin cikinsa. Ta leƙa injin unguwa, na Kwaɗo ne, kullum a jiƙe yake, an markaɗa wake, an markaɗa tumatir, an markaɗa gero. Yaji in ya shiga can, kunu zai dawo.

Sai ta nufi kasuwa, shagon Hawainiya, mai sayar da injinan markaɗe na cikin gida, waɗanda 'yan birni ke ce wa bilenda. Injinan nan ƙirar aljanu ne. Suna magana, suna waƙa, wasu har gulma suke yi. Ita kuma Hawainiya tana da wani hali, duk sanda ta shirga ƙarya sai launinta ya canja. Barmani ba ta san haka ba, a zatonta kwalliya ce.

Hawainiya ta ce, "Maraba da Inna! Wane iri kike so?"

Barmani ta ce, "Mai ƙara. Wanda in ya buɗe baki za a ji shi a ƙetaren rafi."

Kun ji wauta ko? Ba ta ce ga girman kicin ɗina ba. Ba ta ce ga abin da zan niƙa ba. Kunnen Gafiya ta je saya wa inji!

Hawainiya ta yaye wani ƙaton zane, sai ga inji ƙato, baƙi, yana sheƙi. Sunansa Rugugi. Ya gyara murya ya ce:

"Ni ne Rugugi, ni ne Rugugi,
Buhu nake ci, ba mudu ba,
In na yi tari gari ya ji,
In na yi dariya gari ya gudu!"

Barmani ta tafa hannu ta ce, "Shi nake so!" Sai da aka ɗora shi a bayan Jaki, Jaki na nishi, sannan ta waiwayo.

"Hajiya, zai shiga kicin ɗina kuwa?"

"Tsaf!" in ji Hawainiya, ta koma ja.

"Yana shan wuta?"

"Ɗan kurɓi kaɗan," in ji Hawainiya, ta koma shuɗiya.

Barmani ta ce, "Kai Hajiya, kin iya ado."

Suka iso gida. Aka gwada shi ta kai, ya ƙi shiga. Aka gwada ta gefe, ya ƙi shiga. Aka gwada ta gindi, ya ƙi shiga. Jaki ya share gumi ya ce, "Inna, ni a ganina kicin ɗin ne zai shiga cikinsa." Aka ajiye shi a tsakar gida, ya cinye tsakar gidan kaf. Barmani ta kafa tsani ta hau, ta juye kayan yajinta. Suka faɗa can ƙasa, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ta sauko, ta jona shi da wuta, ta yi bisimilla ta danna.

Ruuuuuu!

Kukar ƙofar gida ta zubar da ganyenta gaba ɗaya, unguwa ta samu miyar shekara. Kaji suka yi ƙwai ba shiri. Wutar gari duka ta tsiyaye ta shige cikin Rugugi, fankar Sarki Zaki ta tsaya cak yana tsakiyar ƙailula. A ƙetaren rafi Hajiya Gafiya ta faɗo daga kan kujera, ta tashi tana kakkaɓe zane, ta ce, "Kai! Ashe Barmani ba ta wasa ba ce!" Nan take ta aika gida-gida, kowace mace ta zo suna da babban mazubi, yaji zai yi ambaliya.

Barmani ta hau tsani tana rawa, ta leƙa. Ga barkono nan zaune lafiya lau, suna hira da citta. Ko ƙwarzane babu a jikinsu.

"Kai Rugugi, ina aikin?"

"Wannan ɗan abin? Bai kai haƙorana ba. Kawo buhu."

"Ba ni da buhu."

"To cika da yashi."

Tana cikin salati sai ga Kura, dogarin Sarki, ta ce Sarki ya ce wanda ya shanye masa wuta ya zo ya zama fanka. Haka Barmani ta yini a fada tana yi wa Zaki fifita da faifai, har kafaɗarta ta sage. A hanyar dawowa Balbela ta tsayar da ita tana yi mata barka, ta ba ta labarin manyan mazubai da ake wankewa a ƙetaren rafi. Barmani ta wuce gida tana salati.

Washegari Jaki ya mayar da Rugugi yana zage-zage. Barmani ta ce a ranta, tunda za su zo da manyan mazubai, bari in haɗa musu da cincin da dubulan da alkaki, ko mazuban sa cika.

Ta ce wa Hawainiya, "Hajiya, ba ni wanda ya iya komai da komai."

Hawainiya ta jawo wani kwali, ta fito da inji fari, mai kyau, yana ta miƙa. Sunansa Hannu Barkatai. Ya rangaɗa:

"Ina yanka, ina gurzawa,
Ina kwaɓi, ina matsewa,
Abin da ban iya ba a duniya,
Ba a haifi mai son sa ba!"

Barmani ta ce, "Ya iya yaji?"

"Yaji? Ai da shi yake wasa," in ji Hawainiya, ta koma rawaya da ɗigo-ɗigo.

Aka kai shi gida. Gangar jikinsa ta shige ƙofar kicin sumul, Barmani ta rangaɗa guɗa. Sannan aka fara fito da hannuwa daga kwali. Wuƙar yanka, wuƙar yayyankawa, magurji babba, magurji ƙarami, na kwaɓi, na kaɗi, kofi, ƙanin kofi, murfi, murfin murfi. Aka sa wasu a tukunya, wasu a kan murhu, wasu a bakin tulu. Kafin a gama, kicin ya cika maƙil. Barmani ta tsaya a waje ta zura kai ta taga.

Ta ɗauki wannan ta ɗora a kan wancan, ya ce, "Ba wurina ba ne." Ta juya shi, ya ce, "Kin kife ni." Ta ɗauki wani, ya ce, "Ni sai bayan yayana." Kafin ta gama haɗa su rana ta karkata. Ta zuba kayan yaji.

Hannu Barkatai ya ce, "Zagaye kike so ko tsaye? Siriri ko mai kauri?"

"Gari nake so. Gari lilis."

"Gari? Ni ba a yi ni don busasshen abu ba. Amma tsaya ki ga gwaninta."

Ya yanka citta fale-fale. Ya tsaga barkono zare-zare. Kanumfari ya ƙi yankuwa, ya dinga tsalle yana dukan tukwane, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Masoro ya fice ta taga ya sami Zakara a ƙeya yana tsakiyar cara, carar ta maƙale. Sauran hannuwan da ba a ba aiki ba suka ce su ma ba za su zauna haka ba. Ɗaya ya yayyanka sabulu. Ɗaya ya gurje muciya. Ɗaya ya kwaɓa toka da manja ya ce ga alkaki. Ɗaya ya kama tsintsiya ya kaɗa ta har ta yi kumfa.

Da suka gama ɓarna, sai suka haɗa baki suka ce, "A wanke mu!"

Barmani ta wanke, ta wanke, ta wanke, har hannunta ya yamutse. Ta tsince kayan yajinta ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin murhu da bayan tulu, ta ƙulle su a tsumma. Sannan ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka, kuka na gaske. Suna ya matso, ba ta da ko cokali guda na yaji. Ta tuna 'yarta a can cikin baƙin mutane, tana kasa kunne ita ma, tana jiran ta ji uwarta ba ta manta da ita ba.

Da gari ya waye, ana gobe suna, ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko. Ta samo kara, ta shiga kicin, ta auna ɗan gurbin da ke tsakanin tulu da bango, ta karya karan daidai wurin. Ta ɗauki ƙullin kayan yajinta. Jaki ya ɗauki kwalin Hannu Barkatai, ya ce wannan ce ta ƙarshe, ko Sarki ne ya aike shi.

Barmani ta ajiye kara da ƙulli a gaban Hawainiya. Ta ce, "Ga wurin da nake da shi. Ga abin da zan niƙa."

Hawainiya ta ce, "Akwai wani sabon shigowa, ko aljanun da suka ƙera shi…" Ta fara komawa kore, ta zarce shunayya.

Barmani ta ɗaga hannu. "Dakata, Hajiya. Na yi fifita a fada, na yi wanke-wanke har hannuna ya tsufa, kuma duk sanda kika yaba mini kaya sai na ga kin sake zane. Yau ki yi mini magana guda ɗaya da launin da uwarki ta haife ki."

Hawainiya ta juya idanu. Idonta ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya kalli yamma. Can sai ta koma launin toka, ta nuna wani lungu da wutsiya.

A lungun akwai wani ɗan inji, ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi masa hula. Sunansa Ɗan Sannu. Barmani ta tsuguna ta hure ƙurar.

"Kai ba ka waƙa?"

"Ban iya ba, Inna. Kofi biyu gare ni, ɗaya na jiƙaƙƙe, ɗaya na busasshe. Kaɗan-kaɗan nake ci. In na yi zafi, ki bar ni in huta. In na tsaya, kada ki buɗe murfina sai ƙura ta kwanta."

"Za a ji ka a ƙetaren rafi?"

"Ko a bayan ɗaki ba za a ji ni ba."

Barmani ta yi ajiyar zuciya. Ta ɗora kara a jikinsa, ya yi daidai, har da ragowar wurin cokali. Ta ce, "Tashi mu tafi." Ta ɗora shi a ka da kanta, Jaki ya yi hamdala.

Ya shiga kicin, ita ma ta shiga, muciya sabuwa ma ta samu wuri. Ta zuba kaɗan a kofin busasshe, ta rufe, ta danna. Ɗan Sannu ya fara, huuuu, a hankali, kamar kyanwa na minshari. Ya yi, ya yi, ya tsaya.

To ku saurara da kyau. Mai daka tana da ɗabi'a. In ta yi 'yan bugu sai ta dakata, ta leƙa turmi, ta sa hannu ta juya. Shekara da shekaru hannun Barmani ya saba da haka. Injin na tsayawa, hannun bai yi shawara da kai ba, ya kai kan murfi.

Ɗan Sannu ya ce, "Inna, kada ki…"

Fuuuu!

Jar ƙura ta tashi ta shige hancinta. Attishaa! Barmani ta dunƙule ta zama ƙwallo, ta fice ta ƙofa, ta gangara tsakar gida, ta wuce zaure, ta bi gangare, tsundum cikin rafi. Kifaye suka yi atishawa. Kada ya yi atishawa ya haɗiye ruwa ya ƙware.

Iska ta kwashi ƙurar ta haye da ita. A lokacin dangin gafiyoyi suna jere a ƙofar gida, kowa da hannu a bayan kunne, suna jiran su ji dakan ƙarshe. Shiru. Hajiya Gafiya ta taɓe baki ta ce, "Ni dama na faɗa muku, wannan rugugin na rannan…" Attishaa! Ɗankwalinta ya tashi sama ya maƙale a kan giginya.

Gari ya ɗauka. Zaki ya yi atishawa rawaninsa ya warware, fadawa suka bi shi da gudu suna naɗewa suna atishawa. Giwa ta yi guda ɗaya ta kashe wutar murhun unguwa uku. Hawainiya ta yi tata, launukanta suka fito gaba ɗaya, ta rasa wacce ce ita. Zakaran nan da cararsa ta maƙale ya yi atishawa, carar ta fito da la'asar, tsofaffi suka ɗauka asuba ce suka tashi neman buta. Mai atishawa ya yi hamdala, na kusa ya buɗe baki zai amsa masa, sai tasa ta ƙwace. Kai Ɗanliti, rufe bakinka, ba a nan aka buɗe murfin ba.

Barmani ta fito daga rafi jagab, da ɗan kifi a soke a bayanta. Ta cire shi ta ba shi haƙuri, ta koma kicin.

Ɗan Sannu ya ce, "Na faɗa miki."

Ta ce, "Ka faɗa."

Daga nan ta zauna a kan hannuwanta. Ta zuba kaɗan, ta danna, ya tsaya, ta jira ƙura ta kwanta, ta buɗe, ta tankaɗe. Ya yi zafi, ta bar shi ya huta, ita ma ta huta. Ta sake zubawa, ta sake jira, ta sake tankaɗewa. Kafin rana ta faɗi yaji ya haɗu, ja wur, lilis, ƙamshi har zaure. Amma duka-duka 'yar ƙwarya guda ya cika. Ta dube shi, ta tuna manyan mazubai. Ta rufe shi da faifai ta ce, "Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Ranar suna gidan gafiyoyi ya cika. Wata ta zo da masaki, wata da daro, wata da buhu, wata ma baro ta turo. Barmani ta yi sallama ta shigo da 'yar ƙwaryarta a hannu. Kowa ya zuba mata ido.

Hajiya Gafiya ta leƙa bayanta ta ce, "Sauran fa? Jaki na tafe da shi?"

"Shi ke nan, Hajiya."

"Duk ƙarar nan da ta kayar da ni daga kujera, wannan ta haifa?"

Mata suka fashe da dariya, mai baro har da faɗuwa ciki. Barmani ta hango ta gefen labule, ga Ladingo a bakin gado ta sunkuyar da kai. Zuciyarta ta yi zafi, amma ta sassauta murya.

"Hajiya, ke ce babba. Ba a rabawa sai kin ɗanɗana. Tunda kaɗan ne a idonki, ɗebi da yawa."

Gafiya ta ɗauko tsokar nama. Don ta nuna raini, ta dumbuza ta cikin ƙwaryar har ta ɓace, ta ɗaga, ta jefa baki gaba ɗaya. Ta tauna sau ɗaya. Ta tsaya. Gashin bakinta ya miƙe. Wutsiyarta ta miƙe. Idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki magana ta ƙi fita. Sai ta zabura ta zagaye tsakar gida, makaɗa suka ɗauka rawa ce suka bi ta da kalangu. Ta zarce randa ta tsoma kai har wuya.

Ta ɗago tana haki. Ta share ruwa daga fuska. Ta lashe leɓe. Ta sake lashewa.

"Kai. Amma fa da daɗi. Barmani, wannan ne jiya ya cire mini ɗankwali?"

"Ƙurarsa ce kawai, Hajiya."

Mata suka dubi mazubansu. Mai masaki ta kife shi ta zauna a kai. Mai buhu ta shimfiɗa shi ta ce dama tabarma ta kawo. Mai baro ta ce ita wucewa take yi. Kowacce ta tsinko ganye ta miƙo tana cewa, "Inna Barmani, ɗan taɓa mini kaɗan, kaɗan fa, don Allah." Kowa ya samu, ƙwaryar ba ta ko kai rabi ba.

Hajiya Gafiya ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ta mayar wa Barmani. Ta ɗaga mata labule da kanta, ta ce, "Shiga ki ba ta da hannunki."

Barmani ta shiga. Ta ajiye ƙwaryar a gefen gado, ba ta dubi 'yarta ba. Ladingo ta ɗan barbaɗa a kan nama, ta sa a baki. Hawaye suka zubo mata, kuma ba na zafin barkono ba ne.

Ta ce, "Inna, irin na gida ne."

Barmani ta gyara mayafi. Tana so ta ce sannu, tana so ta rungume ta, kunyar 'yar fari ta hana. Sai ta sunkuya ta ɗauki jaririn, ta ɗaga shi tana kallon fuskarsa.

"Kai maigidana, ashe haka kake da muni? To ji nan. Gaya wa uwarka ta ci da yawa. Gaya mata in ya ƙare ta aiko, akwai wani. Gaya mata tana da uwa a ƙetaren rafi."

Ladingo tana ci tana kuka tana dariya. Barmani tana jijjiga yaro, fuskarta a bango, ba ta fito daga ɗakin nan ba sai da aka watse.

To kun ji. In kun girma kun je kasuwa, ku fara auna wurinku, ku san abin da za ku niƙa, ku sayi abin da zai yi muku aiki. Kada ku sayi kaya don kunnen maƙwabta.

Ƙurunƙus, ta faɗa rariya ta tankaɗe. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe shi zai tankaɗe mini yaji, kuma ba zan ba shi ƙyallen rufe hanci ba. Ku tashi, ku naɗe mini tabarmata.